Da Me Za a Gane Mu? Batun Tambarin Ƙungiyar Waƙa da Wasan Kwaikwayo ta Kirista

Wata Asabar da la'asar na zauna a ɗakin Makarantar Lahadi na wata majami'a tare da samari da 'yan mata kusan talatin. Ƙungiya ce ta waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ta shekara shida tana aiki, har an fara gayyatarta bukukuwan aure da tarurrukan matasa a wasu garuruwa, don haka suka ga lokaci ya yi da za su yi tambari. Shugabansu ya buɗe kwamfuta, ya juyo mana da ita yana murmushi. A cikin da'ira ɗaya akwai gicciye, da kurciya, da buɗaɗɗen Littafi Mai Tsarki, da harshen wuta, da taswirar duniya, da jita, da makirufo, da fuskokin nan biyu na 'yan wasan kwaikwayo, mai dariya da mai kuka, sannan aya guda ta zagaye su da ƙananan haruffa. Na ƙirga launi bakwai. Aka yi tafi. Sai wata dattijuwa 'yar zumuntar mata, wadda ta shigo ɗaukar tulun kiɗansu, ta leƙa ta kafaɗar shugaban, ta jima tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, duk wannan kaya a ƙirjin riga ɗaya? Wane tela ne zai ɗinka muku?"

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa tun daga ranar nake juya tambayar Mama a raina, domin ta taɓo wurin da yawancin masu zane da shugabannin ƙungiyoyi suke tsallakewa.

Ita kanta kalmar tambari tana da abin koya mana. Kafin ta zama sunan ɗan zanen da ake mannawa a jikin kaya, sunan gangar sarauta ce, wadda ba a buga wa kowa sai sarki. Wanda ya ji amonta daga bayan ganuwa ba ya bukatar ɗan aike ya gaya masa akwai sha'ani a fada. Haka take yake: makaɗi ya ɗora gula a kan fata, kafin maroƙi ya buɗe baki jama'a sun san wa ake nufi. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa shaida tana shiga ta kunne kamar yadda take shiga ta ido, kuma maimaici da rashin sauyi su ne suke ba ta ƙarfi. Idan masana kasuwanci suna maganar kamannin ƙungiya, abin da suke nufi ke nan: suna, da zane, da launi, da sutura, da irin haruffa, da salon magana, har da yadda ake shiga fili da yadda ake fita. Zanen da ke cikin da'ira ɗaya ne tak daga cikin waɗannan, kuma ga mutanen da jarinsu murya ce da jiki, ba shi ne a gaba ba.

Mai neman misalin shaidar da ta kafu ba sai ya je Legas ko Landan ba. Ya tsaya a tashar mota a Jos ko Kafanchan ko Mubi ranar da ake babban taron zumuntar mata. Mace ta ɗaura zanen zumunta, ta kafa ɗan kwalinsa, tun daga nesa wanda ya saba zai gaya maka ko 'yar ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko Katolika. Rufe idonka ma za ka gane su: tulun da ake bugun bakinsa da soso yana ba da amo mai zurfi, ga kacau-kacau, ga ƙarfen da ke riƙe lokaci, jagora ta bayar, sauran su amsa. Lokacin da mawaƙan zumuntar matan EYN suka zagaya Amurka a shekarar 2015, a tsakiyar wahalar da ikilisiyarsu take sha daga rikicin Boko Haram, da zanensu da kayan kiɗansu suka tafi, kuma hotunan tafiyar ba sa bukatar rubutu a ƙasa kafin ɗan Garkida ko ɗan Michika ya ce waɗannan namu ne. Me ya ba zanen nan wannan ƙarfi? A ganina, wuraren da yake zuwa. Ana ganinsa a gidan biki, ana ganinsa a gidan makoki, ana ganinsa a bakin gadon asibiti da kwanon abinci a hannu. Shekara da shekaru mata suna zuba masa ma'ana da ƙafafunsu. Haka 'yan Sabon Rai Don Kowa, waɗanda aikinsu ya faro a Arewa tun farkon shekarun 1960: sunan gajere ne, Hausa ne, kuma shi kansa wa'azi ne. Babu mai zanen da zai iya sayar wa sabuwar ƙungiya irin wannan a mako guda. Iyakar abin da zai iya shi ne ya ba ta tulu marar yoyo, ita kuma ta yi ta ɗibar ruwa tana zubawa.

Don haka aikin ba daga kwamfuta yake farawa ba, daga tambaya yake farawa: su wa muke, kuma wa muke yi wa? Ƙungiyar fasaha ta Kirista tana tsaye ne da ƙafa ɗaya a wurin sujada, ɗaya a dandamali, kuma nauyin ba daidai yake ba a kowace ƙungiya. Akwai wadda aikinta bi da jama'a cikin yabo ranar Lahadi, ba ta da sha'awar a gan ta. Akwai wadda ke ɗaukar lasifika ta tafi kasuwar ƙauye yin bishara. Akwai kuma wadda ke kama zaure, ta sayar da tikiti, ta sa bidiyonta a YouTube, waƙoƙinta a Audiomack. Ukun nan duk halas ne, amma rigar ɗaya ba za ta shiga ɗaya ba. Da'irar da na gani ranar Asabar ɗin nan ta cika ne domin 'yan ƙungiyar ba su taɓa zama sun yanke wannan shawara ba. Kowa ya kawo abin da yake so, shugaba kuma ya ji nauyin ya hana wani, sai aka loda wa mai zane. Taura biyu ba ta taunuwa, balle tara.

Bayan wannan sai suna, kuma suna ya fi zane daɗewa. A shekarar 1871 wasu ɗalibai tara na Jami'ar Fisk da ke Nashville a Amurka, yawancinsu 'yantattun bayi, suka fita yawon waƙa don tara wa makarantarsu kuɗi. A zamanin, fararen fata kan shafa baƙi a fuska su hau dandamali suna yi wa baƙar fata ba'a, masu kallo kuma irin abin da suke tsammani ke nan. Jagoran ɗaliban, George White, ya raɗa musu sunan Jubilee Singers, daga shekarar 'yantar da bayi da ke cikin Littafin Firistoci, suka kuma riƙa fitowa cikin sutura ta mutunci, suna tsayuwa a natse. Kafin su ɗaga murya, suna da sutura sun riga sun gaya wa mai kallo cewa ba abin dariya ya zo gani ba. A 1873 suka yi waƙa a gaban Sarauniya Biktoriya, kuɗin da suka tara ya gina wa jami'ar babban gini, kuma har yau ƙungiyar tana nan da sunanta. A Kampala ta ƙasar Yuganda, mawaƙan yara da aka kafa a 1994 sun ɗauki kalma ɗaya ta Swahili, Watoto, wato yara. Sunan ya yi ƙarfin da har ikilisiyar da ta haifi ƙungiyar ta ajiye tsohon sunanta ta koma amsa shi.

A gida ma muna da darasi. ECWA da COCIN duk sun sauya cikakken sunansu da aikinsu ya ƙetare iyakar da tsohon sunan ya shata, amma kowacce ta yi dabarar da haruffanta suka tsaya yadda suke, domin shugabannin sun san abin da ke bakin jama'a "Ekwa" ne da "Kosin". Abin da nake ba sababbin ƙungiyoyi shawara shi ne su gwada sunan a bakin mai gabatarwa a wurin biki, da lasifika mai ƙara, su kuma tambayi kansu yadda jama'a za su gutsure shi, domin dole za su gutsure. Dogon sunan Turanci mai kalma shida yakan ƙare a "yaran nan na cocin bayan kasuwa". Kalmomi irin su Nasara, Alheri, Haske da Salama kuwa suna da daɗi, sai dai kusan kowace gunduma tana da masu amsa su, don haka sai an haɗa da wani abu na kanku. Ina kuma ganin bai kamata a ji kunyar sunan Hausa ba. Hausa ce ta haɗa Birom da Angas da Bura da Bajju da Tangale da Hausawa Kirista a kan benci ɗaya tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932, kuma sunayen TEKAN da HEKAN da EYN kansu gajarta kalmomin Hausa ne. Amma idan ƙungiya da harshen ƙabilarta take waƙa, to sunanta ya fito daga can.

Sai zanen kansa. Gicciye yana gaya wa mai kallo cewa Kirista ne ku, amma ba ya gaya masa waɗanne. Haka kurciya, haka buɗaɗɗen littafi: kayan gado ne na kowa da kowa, kuma duk allon da ke bakin titi yana ɗauke da su. Kiristocin farko sun yi amfani da kifi da anga kafin gicciye ya zama alamar da ta mamaye ko'ina bayan zamanin Sarki Kustantin a ƙarni na 4. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, anga ta riƙe, kuma yaron da ya taɓa yin fareti a harabar coci a Zonkwa ko Gindiri zai gane ta ko a kan maɓalli. Salvation Army jar garkuwa ta riƙe. Abu ɗaya, mai sauƙin zanawa, aka yi ta maimaita shi har ya zama nasu. Su kuwa fuskokin nan biyu na dariya da kuka daga tsohuwar ƙasar Girka suka fito, kuma wanda ya yi karatun adabi a jami'a ne yake karanta su a matsayin wasan kwaikwayo. Dattijon ikilisiya da ya bar bautar gargajiya da ƙuruciyarsa, idan ya ga fuskar da ba ta mutum ba a kan riga, dodo yake gani. Na ji wannan ƙorafi da kunnena, kuma ban ga laifin mai yin sa ba.

Wannan ya kawo mu ga ɗaukar kayan gida, abin da nake goyon baya da zuciya ɗaya, amma da ido a buɗe. Majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa a Zariya, wadda aka gina a 1929, da ƙasa aka yi ta, bisa fasalin ginin Hausa, kuma duk wanda ya shiga ya ɗaga kai zai ji cewa bangaskiyar nan tana iya zama a gidanmu ba a matsayin baƙuwa ba. Mai zane yana da taska a gabansa: zanen bangon soro, zanen ƙwarya, saƙar tabarma da faifai, aikin allura a wuyan riga, siffar kalangu da molo da shantu. Sai dai kowane ɗaya yana tafe da tarihinsa. Dagin Arewa kyakkyawa ne, amma ya daɗe yana ɗauke da ma'anar sarauta da siyasar yanki, kuma ba kowane ɗan ƙungiya ne zai ji shi a matsayin nasa ba. Abin wuyan nan na azurfa da ake kira kuros ɗin Agadas ado ne na Abzinawa, kamanninsa da gicciye ba su mai da shi alamar Kirista ba, kuma wanda ya ɗauke shi a haka ya yi wa masu shi shisshigi. Goge da garaya kuwa har yanzu akwai kunnuwan da ke jin bori a cikinsu. Ban ce a guje su ba, domin ganga ma da can an hana ta shiga majami'u da yawa, yau kuwa sujada ba ta armashi sai da ita. Cewa nake a tambayi dattawa da iyaye mata kafin a buga, kada a bari sai an kashe kuɗi sannan a ji ra'ayinsu.

Game da sa fuskar Yesu a tambari, shawarata a bari. Hoton da ya fi yawo a kalandunmu ya samo asali ne daga zane-zanen Turawa, irin wanda Warner Sallman ya yi a Amurka a 1940, mai laushin gashi da farar fata. Akwai amsa mai kyau ga wannan daga maƙwabtanmu: a shekarun 1970, Kiristocin ƙabilar Mafa a arewacin Kamaru sun riƙa kwaikwayon labaran Linjila a ƙauyukansu, ana ɗaukar hoto, sannan aka mayar da hotunan zane, inda Yesu da almajiransa suka fito baƙaƙe a tsakanin bukkoki da duwatsun yankin. Abin sha'awa ne cewa daga wasan kwaikwayo zanen ya fito. Amma wannan aikin fosta ne da littafin koyarwa. Tambari ana buga shi a kan hula, da leda, da mafici, ana zama a kansa, ana jefar da shi a bola bayan taro. Kiristoci da yawa ba sa son haka ga fuskar Ubangijinsu, maƙwabtanmu Musulmi kuma, waɗanda ke girmama Annabi Isa, ba su yarda da zana fuskar annabawa ba sam.

Launi da yadi su ne inda tambayar Mama take da haƙora. A fuskar waya kowane launi kyauta ne, kuma yana sheƙi domin haske ne ke fitar da shi. A maɗaba'a tawada ce, shuɗin da ya burge ku a waya yakan fito a dushe. Mai buga riga da hannu kowane launi da firam ɗinsa da kuɗinsa, mai surfani kuma ba zai iya fitar da siririn layi ko inuwar da ke narkewa daga ja zuwa rawaya ba. Launi biyu sun isa, uku iyaka. Sannan a duba abin da launin ya riga ya ɗauka a ƙasar nan. Kore da fari da ja wuri ɗaya, ko lema, ko tsintsiya, a shekarar zaɓe babu wanda zai yarda cewa waƙar yabo kuka zo yi. Ƙungiyar da ke ƙarƙashin Katolika ko Angilika kuma ta tuna cewa majami'arta tana da kalandar launi: shunayya lokacin azumi, fari a Kirsimeti da Ista, ja ranar Fentikos. Mawaƙan Soweto Gospel Choir na Afirka ta Kudu, waɗanda aka kafa a 2002 suka kuma ci kyautar Grammy a 2007 da 2008 da 2019, da launuka masu yawa aka san su, amma a riguna suke, kuma ƙungiya ce mai yawon duniya da ke da halin ɗinka su. Mu a nan anko yakan zama kaya a wuya. Na san yarinya mai murya kamar sarewa da ta daina zuwa koyon waƙa domin an sauya anko sau uku a shekara ɗaya, ta kuma kasa faɗa wa kowa dalili. Yadin da za a zaɓa ya zama wanda ɗalibi da mai koyon ɗinki za su iya saye, wanda za a sake samu a Kantin Kwari ko kasuwar Taminus baɗi idan sababbi sun shigo, wanda kuma mai rawa zai ɗaga hannu ya durƙusa a cikinsa ba tare da iyayensa sun sunkuyar da kai ba.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu kaɗai masu rubutu da Hausa, kuma ta taɓa ƙona ni. Wata shekara na taimaka wa wasu matasa shirya wasa a kan misalin ɓataccen ɗa. Muka tsara fosta, muka zaɓi haruffa masu ƙayatarwa, muka aika wa wani mai ɗab'i a gari. Ana gobe wasa aka kawo bana mai faɗin ƙofar gareji, na warware ta a tsakar gida, sai ga akwati fanko a gurbin Ɓ, ga wani a gurbin Ɗ. Kwamfutarsa ba ta da irin haruffan da muka zaɓa, wanda ta musanya da shi kuma bai san haruffa masu lanƙwasa ba. Da fenti da buroshi muka gyara cikin dare, a hasken tocila. Waɗansu don gudun haka sai su zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, alhali kasa daban ƙasa daban, baki daban baƙi daban, kuma tsakanin 'yan kwaya masu waƙa da 'yan ƙwaya lanƙwasa ɗaya ce tak. Maganin yana da sauƙi: kafin a so wani salon haruffa, a rubuta ɓ da ɗ da ƙ da shi, manya da ƙanana, har da ƴ idan aikin zai shiga Maraɗi ko Damagaram, inda da ita ake rubutu. Haruffan Andika da Charis na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, duk suna da su, kuma kyauta ne. In za a kai aiki maɗaba'a, a ce wa mai zane ya mayar da rubutun zane tukuna, yadda babu kwamfutar da za ta taɓa shi.

Wani abu da ba a cika sa shi cikin maganar tambari ba, ni kuwa nake ganin yana tsakiyarta, shi ne idon wanda ba ɗan ikilisiya ba. Muna zaune ne a garuruwan da aka sha zubar da jini da sunan addini, kuma motar ƙungiya tana ratsa unguwanni iri-iri kafin ta kai inda aka gayyace ta. Takobi da sulke da kalmomin yaƙi suna da ma'ana ta ruhu ga wanda ya tashi yana jin wasiƙun Manzo Bulus, amma mai shayi da ke bakin hanya takobi kawai yake gani. Ba ina nufin a ɓoye bangaskiya ba. Ƙungiyar Kirista ta fito a matsayin ta Kirista, wannan gaskiya ce kuma girmamawa ce ga mai kallo. Abin da nake ƙi shi ne tsokana. Kuma wannan ya shiga har cikin akwatin kayan wasa. Ƙauyen Oberammergau a Jamus yana nuna wasan shan wuyar Almasihu tun 1634, kusan duk shekara goma, mazan ƙauyen ma sukan bar gashi da gemu su yi tsawo tun shekara guda kafin wasan. Duk da wannan suna, an daɗe ana sukar yadda wasan yake nuna Yahudawa, har sai da aka zauna aka gyara kalmomi da sutura, musamman daga 1990. Mu ma mu duba namu. Idan a kowane wasa mugu yana fitowa da rawani ko da karin harshen wata ƙabila, mutumin kirki kuma da kwat, to wannan ya zama shaidar ƙungiyar, ko da kurciya goma aka zana a tambarinta.

Sai maganar mallaka, wadda ba a son tayarwa sai rigima ta ɓarke. Fosta da yawa rabinta fuskar shugaba ce. Ga mawaƙi mai cin gashin kansa, irin su Panam Percy Paul ko Solomon Lange, wannan daidai ne, domin sunansa ne aikin. Ƙungiya kuwa ana fata ta wuce wanda ya kafa ta. Shugaba yakan sami canjin wurin aiki, yakan yi aure ya ƙaura, wani lokaci kuma akan saɓa. Ranar da ya tafi, sunan na wa ne? Na ikilisiya ne, ko na 'yan ƙungiya, ko nasa? Shafin Facebook da lambar wa aka buɗe shi? A rubuta amsoshin tun ana dariya da juna. A Nijeriya ana iya yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC a ƙarƙashin amintattu, a kuma yi wa tambari rajista daban a ofishin alamun kasuwanci da ke Abuja. A Nijar da Kamaru da Chadi hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde ce ke yi wa tambari rajista. Shi ma mai zane a biya shi haƙƙinsa, ko ɗan ikilisiya ne, kada a ce masa aikin Ubangiji ne a sallame shi da addu'a kaɗai. A karɓi takarda a hannunsa cewa ya miƙa wa ƙungiya zanen, a karɓi ainihin fayil ɗin da ake iya faɗaɗawa ba ya dusashewa, ba hoton da ya turo ta WhatsApp ba, a ajiye a wurin mutum biyu ko uku.

Na san akwai masu jin duk wannan a matsayin son duniya. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, mu da muke waƙa a gindin mangwaro ba mu da tambari, kuma mutane sun tuba." Gaskiya ya faɗa, kuma tsoronsa yana da tushe, domin na ga ƙungiyoyin da suka fi ɓata lokaci wurin ɗaukar hoto fiye da koyon waƙa da addu'a. Amma na tuna masa cewa su ma an san su: da farar rigarsu, da waƙar da suke buɗe taro da ita, da yadda ba sa tashi sai sun share wurin da suka zauna. Ko ƙungiya ta shirya ko ba ta shirya ba, jama'a za su san ta da wani abu, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Ƙungiyar fina-finan Mount Zion ta Mike Bamiloye, wadda ta faro a ƙasar Yarbawa a 1985, mutane da yawa ba za su iya zana maka tambarinta ba, amma minti biyar da fara fim ɗinta sun gane na wa ne.

Matasan nan na ranar Asabar ba su yi fushi da Mama ba. Mako biyu bayan haka muka raba su, kowa ya je ya tambayi mutum uku da ba 'yan ƙungiya ba: idan an ambace mu, me ke fara zuwa maka? Da suka dawo aka karanta amsoshin, babu wanda ya ambaci jita ko taswirar duniya. Fiye da rabi abu ɗaya suka faɗa. Ashe tun wasansu na farko, da wuta ta ɗauke ana dab da farawa, suka saba buɗe kowane wasa da yarinya guda tana shigowa daga bayan jama'a cikin duhu, riƙe da fitilar ƙwai, tana rera waƙa ita kaɗai har ta kai gaba. Su a wurinsu dabarar rashin lantarki ce da ta zama al'ada, ba su taɓa ɗaukarta wani abu ba. Mai zanen, wani ɗalibi ɗan ikilisiyar, ya zana fitilar da layi kaɗan, ya bar ƙaramin gicciye a inda wayoyin da ke riƙe ƙwan suke haɗuwa, rawaya a kan shuɗi mai duhu, sunan a ƙasa da lanƙwasarsa cif. Muka rage shi ya koma girman farcen babban yatsa, muka ga ana gane shi. Muka buga shi baƙi da fari a injin kwafi, ana gane shi. Sannan shugaban ya naɗe takardar, ya bi Mama har shagon telan da ke ɗinka wa zumunta riguna. Telan ya ɗora ta a kan kekensa, ya bi layin da yatsa, ya ce a kawo rigunan ranar Litinin.